Mahaifiyata Tana Ɗinki

A can ƙuryar laburaren kwalejin, bayan kantocin tsofaffin mujallun da ko ɓera ya daina kula su, akwai wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru biyu da fanka mai kuka kamar ana yanka ta. A jikin ƙofar an rubuta Ɗakin Taimakon Rubutu. Amma je ka tambayi ɗalibi ina ne ɗakin taimakon rubutu, wallahi kallon baƙo zai yi maka. Ce masa wajen Malama Waƙafi kake nema, yanzun nan zai nuna maka da baki, ya kuma yi maka fatan fitowa lafiya.

Ba banza sunan ya bi ta ba. Matar nan tana iya cinye maka rabin yini a kan waƙafi ɗaya da ka ajiye inda ba wurinsa ba. Aikinta shi ne taimaka wa ɗalibai da muƙalu da rubutun neman gurbi da na kammala karatu, kuma tana da yadda take yinsa. Ba ta riƙe wa kowa biro. Kai za ka karanta abinka da bakinka, da ƙarfi, ita kuwa ta jingina da kujera ta rufe ido kamar mai gyangyaɗi. Kana yin tuntuɓe sai ka ga yatsa ya tashi sama. "Tsaya. Me kake so ka ce?" In ka faɗa mata da baki, sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "To uban wa ya hana ka rubuta hakan?" Masu zuwa ana gobe miƙa aiki, masu fafe gora ranar tafiya, su ne suka fi shan bakinta. Duk da haka kullum da layi a ƙofarta, don kowa ya san wanda ya fito daga hannunta ba a dawo masa da takarda.

Wata safiya wayar ɗakin ta yi ƙara. Sakataren kwamitin tallafin karatu ne, wani mutum mai yawan gyaran murya.

"Malama, zan turo miki wata yarinya, ɗalibar koyon jinya. Tallafin marayu take nema. In ba ta samu ba, wannan zangon shi ne na ƙarshenta, uban ya tsufa ba ya aiki. Yarinyar ta cancanta, kawunta ya kawo mana shaidar asibiti cewa uwar ta rasu bara. To amma muƙalar da muka ce kowa ya rubuto a kan rashin da ya yi, tata ƙaryata shaidar take yi."

"Ƙaryatawa kamar yaya?"

"Ke dai za ki ji da kunnenki. 'Yan kwamitin nan kin san su, in suka karanta wannan cewa za su yi an yi musu ƙaryar mutuwa. Ranar Juma'a muke rufewa. Ki taimaka mata ta faɗi abin da ya faru, iyakarta ke nan."

Yarinyar ta zo kafin rana ta take. Siririya ce, mai sanyin murya, ta ce a gida Auta ake ce mata, kuma a nan ma hakan ya bi ta. Ta zauna a bakin kujera ta ɗora takardunta a cinya. Malama Waƙafi, wadda idonta ba ya barin komai ya wuce, ta lura da hannun rigar yarinyar: ya taɓa yagewa an ɗinke, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran ƙaramin yaro, zaren sabo fil.

"Bismillah, karanta," ta ce, ta jingina ta rufe ido.

Auta ta fara. "Mahaifiyata tela ce. Tana ɗinki a ɗakin da ke jikin falonmu. Ba ta son a taɓa mata almakashi, ko Baba ba ya taɓawa. In rigata ta yage nakan rataye ta a ƙusar da ke bakin ƙofarta, kafin in dawo daga makaranta ta ɗinke ta ninke. Tana fara aiki in rana ta shigo ta taga, tana tsayawa in ta ji ana gardama a falo, sai an yi shiru take ci gaba."

Rubutu ne mai kyau, kai, ya fi na rabin malaman kwalejin. Ba tuntuɓe ko ɗaya. Malama ta bari har aka kai ƙarshe, sannan yatsan ya tashi a hankali.

"'Yata, hannunki yana da daɗi. Amma kin san abin da aka tambaye ki? Rashin da kika yi. Ke kuwa daga farko har ƙarshe tana, tana, tana. Mai karatu zai ɗauka yanzu haka in ya je gidanku zai kai mata ɗinki. Gyaran ba shi da yawa. Inda kika ce tela ce, ki ce ta kasance tela. Inda kika ce tana, ki sa a da. A jimlar farko kuma ki ƙara kalma ɗaya kafin mahaifiyata, shi ke nan kin gama. Yaushe ne ta rasu, Allah ya ji…"

"Malama!"

Yarinyar ta miƙe tsaye, takardun suka watse a ƙasa, ta toshe kunnuwanta da tafukan hannu biyu. Ba ihu ta yi ba, amma yadda kalmar ta fito sai da fankar ma ta zama kamar ta yi shiru. Addu'ar ta maƙale a maƙogwaron Malama.

"Don girman Allah kada ki ƙarasa," in ji Auta. "In na ji, ta ji."

"Wa ya ji?"

"Umma."

Malama Waƙafi ta daɗe a wannan ɗaki, ta ga ɗalibai iri-iri. Ta ga mai kuka a kan maki, ta ga wanda ya kwafo muƙala har da sunan mai ita. Ciwon rashin uwa ma ta san shi, ba labari aka ba ta ba. Sai ta sassauta murya, ta durƙusa da kanta ta tattaro takardun, abin da ba ta taɓa yi wa ɗalibi ba.

"Zauna, 'yata. To ba za mu faɗa da baki ba. Rubutawa kawai za ki yi, ki miƙa, ki manta."

Auta ta girgiza kai. "Ai rubutun ya fi muni. Ba ke kike ce wa ɗalibai magana iska ce, abin da aka rubuta shi ne ya tabbata ba?"

Tirƙashi! An kama Malama da igiyarta. Sai ta ce yarinyar ta dawo gobe.

Washegari da jibi suka yi ta fama. Malama ta zazzage duk dabarar da ta tara a aikin nan, tana neman hanyar da za a gaya wa kwamiti gaskiya ba tare da an taka inda yarinyar ke tsoro ba. Ta ce to a rubuta ta riga mu gidan gaskiya. Auta ta ce ai duk ɗaya ne. A rubuta mun yi rashi a gidanmu, ba a faɗi na wa ba. Auta ta auna, ta ce Umma ba yarinya ba ce, za ta gane. A rubuta tun ranar da aka dawo daga asibiti gidanmu ya canza. Wannan ta yarda, ta rubuta da hannunta. Malama ta kira sakatare ta karanta masa ta waya, ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, canzawa ai ko fenti aka yi wa gida ya canza. Su fa so suke su ga kalmar a rubuce."

Ran Malama ya ɓaci, kuma ba ta iya ɓoye ɓacin rai. "Ke yarinya, kin san abin da kike shirin zubarwa kuwa? Saura kaɗan ki zama ma'aikaciyar jinya, ki riƙe kanki ki riƙe tsohonki. Za ki bar wannan duka saboda kalma ɗaya?"

"Na sani, Malama," in ji Auta, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. "Kullum da shi nake kwana. In na rubuta na rasa Umma, in ban rubuta ba na rasa karatu. Ki gaya mini wanne ake zaɓa."

Gaba kura, baya siyaki. Malama ta ji tausayin yarinyar ya kama ta har cikin ƙashi, amma a ranta ta riga ta yanke cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta, kuma maganin abin yana wajen uban. Babba ne, in aka zauna da shi aka yi magana ta hankali zai sa 'yarsa a hanya. Ranar Alhamis da aka tashi ta ɗauki jakarta ta ce, "Mu je ki kai ni in gaida Baba."

Gidan a saman wani shagon kayan gyaran mota yake, a wani titi mai yawan hayaƙi da hon. Suka bi wani siririn matakala mai warin baƙin mai. Tun suna tsakiyar hawa Malama ta fara jin wani sauti yana saukowa, cakar-cakar-cakar, ya tsaya, ya ci gaba. Keken ɗinki ne, irin na takawa da ƙafa. Ta dubi Auta. Fuskar yarinyar ta saki, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya dawo gida ya tarar an bar masa ƙofa a buɗe.

Falon ƙarami ne, tsaf da shi. Kujeru masu rigunan yadi, talabijin a lulluɓe, agogon bango, taga ɗaya da rana ke shigowa ta cikinta. A bangon hagu akwai ƙofa da labule mai ruwan ƙasa, a gefenta ƙusa, a kan ƙusar an rataye wani wando. Daga bayan labulen sautin yake fitowa.

Baba yana zaune kusa da taga, tsoho ne dogo da idonsa ya fara yin fari, tsohon direban bas. Ya karɓe ta da fara'a, aka gaisa, aka tambayi aiki da gajiya. Sannan ya juya wajen labulen ya ɗaga murya kaɗan.

"Uwar Auta, ga malamar 'yarki ta zo gaishe mu."

Keken ya tsaya. Ya yi cakar sau ɗaya, kamar mai gyaɗa kai, ya ci gaba.

Malama ta samu wuri ta zauna. Ta ce wa kanta wata yayar Auta ce a ciki, ko 'yar haya, ko maƙwabciya. Ta tambaya da murya mai kama da ta hira, "Yayarki ce ke taya ku ɗinkin?"

"Yayyena duk suna garuruwan da suke aiki," in ji Auta. "Mu uku ne a gidan."

Labulen bai kai ƙasa ba, ya bar kamar taƙi guda. Malama ba ta so ta duba ba, Allah ya sani ba ta so ba, amma idon da ya saba farautar waƙafi ba ya jin magana. Ta ƙarƙashin labulen ta hango ƙafafun keken na baƙin ƙarfe, da faffaɗan matakin da ake takawa. Matakin yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka. Babu ƙafa a kansa. A gefe ga silifa biyu a jere, an ajiye su da kyau.

Tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Duk jawabin da ta shirya a mota, na haƙuri da ƙaddara da makomar yarinya, ya bi iska.

Baba ba ya gani sosai, amma ya ji yadda numfashinta ya canza. Ya yi 'yar dariya mara sauti.

"Gani ya kori ji, ko Malama? Na san abin da ya kawo ki. Kin zo ki ce tsoho ya rikice ya rikita 'yarsa." Ya sauke murya har sai da ta matso. "Ni ba mahaukaci ba ne. Da hannuna na raka ta inda ake raka mutane. Muka dawo, gida cike da jama'a, kowa na faɗin abin da ake faɗa, ɗakin nan shiru. Da mutane suka watse, muka rage daga ni sai Auta, bakinmu ya kasa furta komai a kanta. Rannan da hantsi muna zaune sai muka ji keke. Ba mu ɗaga labulen ba, har yau ba mu ɗaga ba. Me za mu nema? Tana aikinta, muna namu."

"Ba ta magana?" Malama ta ji bakinta ya tambaya.

"Ko uffan. Ɗinki kawai. Wata rana wata maƙwabciya ta shigo, bakinta ba linzami, ta kira ta da sunan nan da ake kiran waɗanda suka tafi, ta bi da addu'a. Malama, keken nan ya ɗauke. Muka yi kwana da kwanaki kamar abin ya sake faruwa sabo, Auta ko ruwa ba ta iya haɗiya. Da ƙyar ya dawo, kuma bai dawo da ƙarfinsa na da ba. Wannan fa bakin bare ne. In daga bakin na gida ya fito, ko daga hannunsa, kin san sauran." Ya shafa gwiwarsa. "Ina son yarinyar nan ta yi karatu, Allah ya sani. Amma ba zan ce mata ta kori uwarta ba. A bar kaza cikin gashinta."

Ya dafa kujera ya miƙe, ya ce lokacin maganin idonsa ya yi, ya lallaba ya shige ɗakinsa. Auta ta ajiye takardun muƙalar da biro a kan ɗan teburin tsakar falo, ta ce bari ta dafa wa Malama shayi. Malama ta so ta ce a bar shayin, ta so ta ce a tafi da ita kicin ɗin, amma girma ya hana. Aka bar ta ita kaɗai da labule.

Cakar-cakar-cakar. Ta kafa ido a kan agogon bango, ta ƙi kallon hagu. Daga kicin tana jin ƙarar famfo da ta murfin tukunya. Sai keken ya tsaya.

"Malama."

Muryar mace ce, ba ta da ƙarfi, a dushe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ba ta da wani abin tsoro a cikinta, kuma wannan ne ya fi komai tsoratar da Malama. Murya ce irin wadda za ka ji a layin asibiti ko a bakin shago.

"Na'am," in ji Malama. Ladabi ne ya amsa, ba ita ba.

"Sannu da ɗawainiya da yarinyar nan. Ina jin duk abin da kuke yi. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. In aka miƙa takardar nan yadda take, za su ba ta?"

A aikinta Malama ba ta taɓa ce wa mai rubutu abu ya yi alhali bai yi ba, kuma yau ma bakinta bai iya ba.

"Ba za su ba ta ba."

"Na sani." Aka yi wani dogon numfashi a bayan labulen, labulen bai motsa ba. "To ga biro nan gabanki. Ba aikinki ba ne gyara?"

"Ni… ba na rubuta wa ɗalibi, Hajiya. Nata ne. In na sa hannu ya tashi daga nata." Ta ji kunyar maganar tun kafin ta gama, wai ita ce ke karanta wa wadda ke bayan labulen nan dokar ɗakin rubutu. Sai ta ƙara da abin da ya fi gaskiya. "Kuma ba zan iya ba. Ba za ta yafe mini ba har abada."

"Haka ne. Kin yi gaskiya. Malama, na gaji. Ba su sani ba, ban taɓa gaya musu ba, don na ga suna jin daɗi. Kuka suka yi ta yi har na kasa wucewa, na ce bari in ɗan zauna su saba. To sun saba da zaman, ba su saba da tafiyar ba. Shekara ta zagayo, ba ɗan gidan nan da ya buɗe baki ya roƙa mini rahama ko sau ɗaya. 'Yar da na haifa tana toshe kunne in za a yi mini addu'a. Wannan wane irin riƙo ne? Ga shi yanzu zan cinye mata karatu a kan facin wando."

Wani abu ya yi ƙara a bayan Malama. Ta waiga. Auta ce tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, shayi yana zuba daga kofi. Ba a san tun yaushe take wurin ba.

"Umma?" ta ce. "Umma, ashe kina magana?"

"Ajiye farantin kada ki ƙone."

Auta ta ajiye shi a ƙasa inda take. Ta taho da gwiwoyi har bakin labulen, ta miƙa hannu, ta tsaya ba ta taɓa ba.

"Duk kwanakin nan kina iya magana kika yi mini shiru? Umma, ni ba na son karatun. Wallahi ba na so. Zan nemi aiki a shago, zan koyi ɗinki a wajenki, ki zauna kawai. Ba sai kin ɗinka komai ba, ki zauna kawai."

"Ji shirme. Ke da ko zare ba ki iya sa wa allura ba." Har da 'yar dariya a muryar. "Auta, ban taɓa roƙonki komai ba, kullum ke ce mai roƙo. Yau ni ce. Tashi ki ɗauki biron nan."

"Umma, don Allah."

"Zan taka miki keke kina rubutawa, ba za ki ji shiru ba. Tashi, uwata. Kada ki sa malamarki ta yi zaman banza."

Baba ya fito daga ɗakinsa yana dafa bango, maganin ido na gangarowa a kumatunsa. Ya ji muryar. Ya tsaya cak, leɓunansa na motsi, amma bai hana ba.

Keken ya tashi, cakar-cakar-cakar, a hankali, ba gaggawa.

Auta ta rarrafo wajen teburin. Ta ɗauki biron, ya faɗi, ta sake ɗauka. Malama Waƙafi ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta danne mata gefen takardar da hannu don ta daina zamewa, iyakar abin da ta yi ke nan. Yarinyar ta fara daga ƙasa, daga jimlar ƙarshe, don ta ja lokaci. Ta soke tana, ta rubuta ta kasance tana. Ta hau jimla ta sama, ta soke, ta rubuta. Hawaye na ɗiga a kan tawadar, tana sharewa da hannun riga tana ci gaba. Duk layin da ta gyara sai sautin keken ya ƙara yin nisa, kamar ana janye shi zuwa wani ɗaki, sannan wani ɗakin bayan wancan, alhali gidan ba shi da wasu ɗakuna. Malama tana jin haka, kuma ta san yarinyar ma tana ji.

Aka zo jimlar farko. Akwai ɗan fili kafin mahaifiyata. Auta ta ɗora bakin biron a wurin ta tsaya, ta juya ta dubi labulen.

"Umma, kina nan?"

Cakar, daga nesa.

Ta sunkuya ta rubuta marigayiya, harafi bayan harafi, kamar 'yar aji ɗaya. Kafin ta ɗaga biron falon ya yi tsit. Sai hon ɗin motoci daga titi, da agogon bango, da famfon kicin da aka bari yana ɗiga.

Ba wanda ya motsa. Can Baba ya lallaba ya zauna a hannun kujera, ya buɗe tafukansa biyu, muryarsa na karyewa. "Allah ya jiƙanki, uwar Auta. Allah ya yafe miki, ya yafe mana riƙon da muka yi miki."

"Amin," in ji Malama, tana kuka ba ta ɓoye ba.

Auta ba ta iya cewa amin ba tukuna. Ta tura takardar gaban Malama da hannu biyu, yatsanta a ƙarƙashin kalmar, ta ɗago jajayen idanu.

"Malama, duba mini. Daidai na rubuta?"

Malama Waƙafi ta share ido ta duba.

"Daidai ne, 'yata," ta ce. "Ba kuskure."

Sai a lokacin yarinyar ta kifa kanta a cinyar Malama ta fashe da kukan da ta yi shekara tana riƙewa.